Turbon Labaran Mai Ƙanƙara

Daga Talata Mafara zuwa Maradun, a haɗa da Bakura da duk ƙauyen da ke shan ruwan Bakolori, babu motar da ta kai jar Golf ɗin Labaran Mai Ƙanƙara gudu. Magana ce tabbatacciya, kuma ba a sami wanda ya ƙaryata ta ba, domin a lokacin da ta bazu motar tana zaune kan duwatsu huɗu a garejin Murtala, bonet a wangale, wata kaza kuma ta riga ta zaɓi ƙarƙashin kujerar direba ta fara ƙwai.

Labaran ɗan Morai ne, shekarunsa sun doshi hamsin. Mahaifinsa manomin albasa ne, kakansa ma haka, kuma an so ya bi sahunsu. Amma tun yana saurayi ya lura albasa tana son haƙurin wata huɗu, shi kuwa nasa haƙurin ba ya cika kaiwa azahar. Sai Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta fi shi gaggawa. Ya fara kai ƙanƙara ƙauyuka a bayan keke, ya koma babur, daga baya ya sami mota. Shekara ashirin da shida ke nan yana tseren da bai taɓa cinyewa gaba ɗaya ba, domin kayansa tun daga ƙofar gidan ƙanƙara suke fara guduwa. Abin ya bar masa alama. Yana magana da kai, kunnensa na wani wuri yana sauraren ko wani abu na ɗiga. Ko a wurin ɗaurin aure aka zubar da ruwan buta, sai ya waiwaya.

Iliminsa ɗaya ne, amma ya riƙe shi gam. Marasa sani, in ji shi, suna cewa rana ke cin ƙanƙara. Rana ba ta da laifi sosai. Iska ita ce ajalin ƙanƙara, duk inda ta sami ƙofa nan ruwa zai fito. Don haka yakan jera ƙullin ledojin a cikin buhun algarara, ya cusa ɓuntun shinkafa a kowace kafa, sama da ƙasa da tsakani, har buhun ya yi tauri kamar matashin fata. Ɓuntun daga wurin masu injin shinkafa na Bakura yake kwasowa, sau biyu a mako.

Ita kuwa motar, ba don gudunta ya saye ta ba. Ƙofa biyu gare ta, direbobin haya kuwa ba sa son motar da sai fasinjan gaba ya sauka kafin na baya ya fita, don haka ta shekara a hannun dillali rana na dukanta. Labaran ya leƙa bayanta, ya ga in an cire kujera za ta ɗauki buhu takwas, ya saye. Sai daga baya Murtala makanike ya shaida masa cewa irin wadda samarin Turai ke tsere da ita ce, har da turbo a cikinta. Labaran ya ce madalla, ya ci gaba da tafiyarsa a giya uku.

Babbar kasuwarsa Faru ce, a watan azumi. Can matan da ke yin zoɓo da kunun aya da lamurje na shan ruwa duk a hannun Inna Kubura suke. Ita ke karɓar ƙanƙara ta raba musu, abin da ta ce kuma shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya Labaran na kai mata. Bara masu saye suka ƙaru, sai ya matsa buhu takwas suka zama goma, ya rage ɓuntu don a sami wuri. Wata rana cikin goman ƙarshe ya isa Faru, aka kwance buhu, Inna Kubura ta ɗaga ƙulli ɗaya sama ta girgiza. Wani ɗan guntu kamar goriba yana iyo a cikin ruwa.

"Ɗan Morai," ta ce, "ruwa muna da su ga rijiya. Ƙanƙara munka ce."

Ya fara kawo zancen hanya da zafin rana, ta ɗaga masa hannu.

"Bana na ruhwa maka asiri, don mun daɗe. Baɗi kuwa, ran hwarko na azumi, kahin a yi la'asar, in kwance buhu in iske dutse. In na iske irin wagga, Ɗantala zan kira, kuma ba ni sake magana."

Ɗantala mai ƙanƙara ne shi ma, a babur yake kai tasa, buhu uku kacal, ta hanyar ƙafa mai ratsa gonaki. Ya daɗe yana shawagi a kan Faru yana jiran rana irin wannan.

Labaran ya dawo gida ya yi dogon nazari, ya gano mai laifi: hanya. Awa ɗaya da rabi take ci. In ta koma awa ɗaya, magana ta ƙare. Matarsa Rukayya, wadda ita ke ɗinke masa buhunan, ta ce, "Malam, ba ɓuntun ka rage ba?" Ya dube ta irin kallon da liman zai yi wa wanda ya gyara masa Fatiha. Ba ta ƙara ba.

A cikin Rajab motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, tana wani kuka kamar busar sarewa. Murtala ya buɗe ya ce turbo ya mutu. Ya buga waya Gusau, ya buga Sakkwato, babu irinsa. Daga Kaduna aka samo wani, amma babba ne, ya kusa ninka na asali. Ranar da ya iso Labaran ya ɗaga shi da hannu biyu, wani ƙaton katantanwa na ƙarfe, ya ji a ransa addu'arsa ce aka amsa.

"Baba Labaran, zauna in yi maka karatu," in ji Murtala, ya jawo masa tsohuwar taya a inuwar darbejiya. "Ka san zuga-zugin maƙera? To turbo shi ne zuga-zugin inji. Hayaƙin salansa ka juya shi, shi kuma shina hura ma inji iska. Naka na da, na ƙera lauje ne. Wanga na ƙera garma ne."

"To ai alheri ne, Injiniya. Ɗaura shi."

"In na ɗaura shi haka nan, kahin ka kai Maradun sai ka dawo min da injin cikin buhu."

Murtala ya buɗe hannunsa mai baƙin mai ya fara naɗe yatsu. Na farko mai. In iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, wutar cikin inji za ta yi tsanani, fistin ya narke kamar man shanu a tuwo, don haka sai an sa manyan nozul da famfon mai mai ƙarfi. Sannan ƙwaƙwalwar motar, ɗan akwatin da ke auna mai da iska. Ita ba ta san an yi mata baƙo ba, sai an kai ta Kaduna an sake mata karatu. Sannan kuloci, domin na yanzu ba zai riƙe sabon ƙarfin ba. Sannan birki. Sannan salansa mai faɗi. Yatsu suka ƙare, ya ɗago na ɗaya hannun.

"Sai intakula."

"Mi ne ne kuma wannan?"

"Ɗan lagireto ne, amma na iska. Iskar da turbo ya matse da zahi take hitowa, kamar daga tanda. Sai ta bi ta cikin intakula ta huce kahin ta shiga inji. Taka kamar faifai take. Wanga turbon shina son mai hwaɗin darduma."

Labaran ya lissafa kuɗin da ke aljihunsa. Ya ce, "Uku hannuna zai kai."

"To biyu ba naka ba ne. Mai da ƙwaƙwalwa dole ne. Na ukun ka zaɓa."

"In na bar kuloci?"

"Shi ƙone, ka tsaya ga daji."

"In na bar birki?"

"Ka isa Faru, ka wuce ta."

"Intakular fa?"

"Inji shi sha iska mai zahi, shi yi ta ƙwanƙwasa har shi hwashe."

"Salansa?"

"Ita dai ba wanda za ya mutu."

"Ita kuwa nike so," Labaran ya ce a hankali. Ya riga ya ƙudurta a ransa Inna Kubura ta jiyo zuwansa tun yana bayan gari.

Kwana tara yana zaɓe. A cikinsu bai ci tuwo ya ƙoshi ba. In ya tsayar da zuciya a kan kuloci, sai ya hango kansa a kasuwar Maradun akuya ta gifta, ya taka birki ya ji wayam. In ya koma kan birki, sai ya jiyo ƙwanƙwasar da Murtala ya ambata, har ya fara jin ta a injin markaɗen maƙwabta. Ya tambayi direbobin tasha, kowa ya ba shi labarin wani da ya bar abu kaza ya gamu da abu kaza, kuma duk labaran a daji suke ƙarewa. Hanyar nan kuwa ba wadda mutum zai so yamma ta riske shi a tsaye ba ce, kowa ya sani, ba a ma faɗa.

Rukayya ta ce birki. "Ƙanƙara in ta narke ana sake wata. Kai hwa?"

A ƙofar gidan ƙanƙara Ɗantala ya tare shi, ya gaishe shi gaisuwar girma, ya tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya ce, "Yaya Labaran, na ji an ce jirgi kake haɗawa. In kun tashi ka ɗaga min hannu daga sama, ina nan ƙasa ga ɗan babur ɗina."

"Ka dai gyara tayarka," in ji Labaran. Ya so ya faɗi abin da ya fi wannan, sai da ya isa gida ya tuno shi.

Ranar ta tara ya zaɓi intakula. Dalilinsa mai ƙarfi ne: kuloci da birki sha'anin ƙarfe ne, bai san kansu ba, amma abin da aikinsa sanyaya wani abu ne, wannan gonarsa ce. In ta yi gardama zai san yadda zai yi da ita.

Aka naɗe ƙwaƙwalwar motar a tsohon zanen Rukayya aka ba direban Kaduna. Aka ce kwana uku. Sha'aban ya shiga, ya raba, ya fara gangarawa. Kullum da hantsi Labaran na gareji, yana zaune a kan tayar nan yana kallon motarsa kamar mai jinya. A lokacin ne maganar gudunta ta cika gari, domin duk wanda ya wuce ya ga turbon a kan benci sai ya ƙara mata wani abu. Kazar ta ƙyanƙyashe 'ya'ya bakwai. Ranar ashirin da shida ga Sha'aban ƙwaƙwalwa ta dawo daga karatu, a cikin zanen da ta tafi da shi.

Murtala ya yanke tsakiyar bamba ya ɗaura intakular a gaban lagireto, fara sol tana ƙyalli. Washegari suka fita gwaji a kwaltar da ta nufi Bakura, Murtala na tuƙi. Da farko motar ta yi nauyi, kamar jakin da aka tasa daga barci. Da tsohon turbonta ma ta fi wannan kuzari. Labaran ya dubi Murtala.

"Dubi allurar inji," Murtala ya ce. "Babban turbo ba shi tashi da wuri. Ƙasa da huɗu barci yake."

Allura ta hau uku, ta hau uku da rabi. Tana taɓa huɗu wani abu ya yi huci a gaba, kujera ta bugi bayan Labaran, hularsa ta koma wurin da buhu ke zama. Bishiyoyi suka haɗe suka zama bango ɗaya. Ya yi salati, ya sake, bai san ya kama hannun Murtala ba sai da Murtala ya ce ya sakar masa giya. Da suka tsaya akwai ɗan ƙauri a cikin motar.

"Kulocin ne ka gaishe ka," in ji Murtala. "Kak ka danne totur gaba ɗaya, bi shi sannu. Birki kuma ka fara taka shi tun kana hango abu. Amma ranka dut shina nan." Ya zagaya gaba ya daki intakular da tafin hannu. "Wagga, Baba, kak ka bari ta yi zahi. Komi za ka yi, ta zauna da sanyi."

Labaran ya ce in dai wannan ne, a bar masa.

Ya tsaya yana kallonta. Ga ta a fili, tsirara, babu ko ƙyalle, an ma yanke bamba don iska ta fi samun ta. Ya dubi Murtala, yaron kirki, hannunsa na da albarka, amma a bayyane yake bai taɓa kai ƙanƙara ko nan da Ruwan Gizo ba. Bai ce komai ba. Ba a kunyata mai sana'a a bakin hanya.

Aka ga wata. Ranar farko ta azumi, da hantsi, Labaran ya sa Rukayya ta ɗinka masa buhun algarara mai faɗin darduma. Ya cika shi da ɓuntu, ya yayyafa ruwa, ya lulluɓe intakular ruf, ya ɗaure da igiyar roba ta kowane ɓangare har sai da ya tabbata ko numfashin sauro ba zai shiga ba. Ya ɗora wasu buhu biyu na busasshen ɓuntu a kujerar gaba, don in na jikin ya yi ɗumi a hanya ya sauya.

Rukayya tana tsaye a bakin zaure. "Injiniya ya san da wanga?"

"Injiniya ya san ƙarfe. Ni na san sanyi."

Ya loda buhu goma kamar bara, da ɓuntu kamar na bara. Ya yi azahar a masallacin gefen gidan ƙanƙara, ƙarfe biyu daidai ya tayar.

Da ya fita gari ya hau kwalta, ya bi totur sannu kamar yadda aka ce. Allura ta taɓa huɗu, hucin nan ya zo, motar ta miƙe. Ya wuce wata motar haya da ta sha wuce shi shekara da shekaru, direbanta ya buɗe baki. Labaran ya ji wani abu da ya daɗe bai ji ba, wanda ya yi kama da kwanciyar hankali. Ya kai minti shida.

Sai ya ji ƙara. Ƙarama ce, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Ya ɗaga ƙafa ta tafi, ya taka ta dawo. Kunnen da ya saba kamo ɗigar ruwa a cikin hayaniyar kasuwa bai buƙaci a gaya masa mene ne ba. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Ya taka totur, motar ta ƙi, kamar an riƙe ta ta baya. Ya dubi allurar zafi, wadda tun da ya sayi motar ba ta taɓa wuce tsakiya ba, ya gan ta tana jingine da ja.

Ya gangara gefe ƙarƙashin wani gawo ya kashe. Inji na ta ƙas-ƙas, wani tururi mai warin dafaffen ɓuntu na fitowa ta gaba. Babu gida kusa, sai gonakin da aka girbe da rana a kansu. Ya ciro waya ya kira Murtala.

"Injiniya, ta tsaya."

"Subhanallahi! Ina kake? Ka danne totur ko?"

"Ban danne ba. Ƙwanƙwasag ga ta zo, ga allura ga ja."

"Fanka na juyawa? Akwai ruwa ƙasa? Zagaya gaba ka duba ko leda ta manne ma intakula."

"Ba abin da za ya manne mata. A ruhe take."



"A ruhe da mi?"

"Algarara da ɓuntu. Kai kac ce kar ta yi zahi."

Abin da Murtala ya fara cewa salati ne, na biyun kuma ya haɗiye shi saboda azumi da kuma girman furfura. Da ya sami murya ya ce, "Baba Labaran, don Allah, don Annabi. Ƙanƙara sanyi gare ta, kana ɓoye shi kar iska ta ɗauke. Wagga zahi gare ta, so muke iska ta ɗauke! Ka ruhe ta, ka ruhe lagireto da ke bayanta. Ka sa ma mai zazzaɓi bargo ka ɗaure da roba!"

Labaran ya dubi buhun da ke tururi.

"Injin ya tahi?" ya tambaya.

"In Allah ya so ƙwaƙwalwar ta riga ka hankali, ita ta yanke ƙarhi. Cire abin ga yanzu. Buɗe bonet. Kak ka taɓa murhin lagireto, kak ka zuba ruwa. Rabin awa, ko minti ɗaya kar ya ragu. In ka tayar ka ji ƙwanƙwasa, kashe ka kira ni."

Rabin awa. Ya yanke robar da wuƙa, buhun ya faɗo yana tururi, ya ƙona masa yatsu. Ya duba waya: biyu da minti ashirin. Maƙogwaronsa ya bushe, ga buhu goma na ƙanƙara a bayansa, ga azumi a bakinsa. Ya kasa kunne. Daga can ƙarƙashin motar, a hankali, ɗis. Sai kuma ɗis.

A lokacin ne ya jiyo babur. Ɗantala ne, buhu uku a ɗaure a baya. Ya tsaya, ya kashe, ya sauke ƙafa ɗaya.

"Salamu alaikum, Yaya Labaran. Barka da rana. Ya ibada? Ya iyali? An tashi lahiya? Jirgin ne ya sauka shan iska?"

"Lahiya lau. Ina zuwa haka?"

"Wallahi nan gaba kaɗan. Na ce bari in leƙa Faru in gai da Inna, an kwana biyu." Ya dubi buhun da ke tururi a ƙasa. "Dambu kake dahwawa?"

"Allah shi kiyaye hanya, Ɗantala."

"Amin, Yaya. In ce kana tahe?"

"Ka ce ina tahe."

Ƙarar babur ta yi nisa ta ɓace. Labaran ya zagaya motar, ya sake zagayawa. Ya taɓa bonet, ya duba waya, minti huɗu suka wuce. Shekara goma sha ɗaya yana shiga Faru ana cewa ga Ɗan Morai, yau zai shiga ya tarar ana sauke buhun wani. Ya hango Inna Kubura tana ɗaga ƙulli, tana girgizawa, matan nan na tsaye da robobinsu. Hannuwansa suka rasa abin yi. Ya buɗe ƙofa, idonsa ya faɗa kan buhu biyun da ke kujerar gaba, waɗanda yanzu ba su da aiki. Labaran bai taɓa zubar da busasshen ɓuntu a daji ba. Ya kwance su, ya buɗe bakin buhunan ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya yana ɗurawa, yana turawa da yatsu, ya cike tsakanin buhu da buhu, ya toshe gefen ƙofa, sauran ya juye a sama ya ja tabarma ya rufe. Ba don yana sa ran wani abu ba. Ya fi zama yana sauraren ɗigar ne kawai.

Uku saura minti goma ya yi bisimilla ya murza makulli. Inji ya kama. Ya saurara da dukan jikinsa. Babu tsakuwa a gwangwani. Allura ta sauko tsakiya ta zauna. Ya rufe bonet, ya bar intakular tsirara a gaban iska, yana kawar da kai kamar wanda ya bar baƙo ba mayafi.

Sauran kwaltar bai yarda allura ta kusanci huɗu ba. Bayan Maradun kwalta ta ƙare, aka shiga burji, shi ma burjin suna ne ya rage masa. Rami, yashi, kwalbatin da ya karye sai an zagaya ta gona. Giya ɗaya, giya biyu, a koma ɗaya. A nan ne tsohon ƙaramin turbo yakan ɗan tura ta ta fita daga yashi, sabon kuwa barcinsa yake. Labaran ya bi bayan wani amalanken shanu mai ɗauke da kara har tsawon gona uku, babu wurin wucewa, mai amalanken ya waiwayo ya yi masa barka da ibada. Rana ta fara karkata. Kowane rami ya faɗa sai ya ji kamar ruwa na kaɗawa a bayansa, bai yarda ya waiwaya ba.

Yana shiga Faru ladan na kiran la'asar. A ƙofar gidan Inna Kubura mata sun yi layi da robobi da kuloli. Babur ɗin Ɗantala na jingine a inuwa, buhunansa uku a ɗaure, shi kuma yana zaune a kan turmi yana jan carbi.

"Kahin a yi la'asar nac ce," in ji Inna Kubura, "kuma ba a tada salla ba. Kwance mu gani."

 Labaran ya yaye tabarma, ya ture ɓuntu, ya jawo buhun farko ya kwance. Ta tura hannu har gwiwar hannu ta ciro ƙulli, sai ga biyu sun fito a manne. Ta ɓamɓare su, ta gwara ɗaya da ɗaya, suka yi ƙara kamar duwatsun niƙa. Wani farin hayaƙi na tashi daga jikinsu. Ta sa aka buɗe buhun ƙasa, wanda ya fi shan wuya. Ƙulli uku ne suka ɗan saki ta gefe, sauran dutse.

"To," ta ce. "Tun da nike da kai ba ka kawo irin wagga ba." Ta juya. "Ɗantala, mun gode da gaisuwa. Ka gai da mutanen gida."

Mata suka matso. Wani dattijo da ke hanyar masallaci ya tsaya ya leƙa farin ƙarfen da ke ƙyalli a gaban motar, ya girgiza kai ya ce lallai abin da ake faɗa gaskiya ne, motag ga ba ta da na biyu, dubi yadda ta kawo ƙanƙara kamar yanzu anka ciro ta. Kafin a sha ruwa maganar ta zagaye Faru.

Labaran ya jingina da mota. Ya ciro waya ya duba lokaci. Tafiyar ta ci awa biyu da minti biyar, ta fi ta bara da minti talatin da biyar. Buhu biyun da ya ƙara kuwa ɓuntu ne, wanda masu injin shinkafa na Bakura ke roƙon a zo a kwashe musu kyauta.